Gara da ƙwarin bagaruwa a filin lakwal: muhawarar malamai da iyaye na Tawa

Madam Zainabu:
Assalamu alaikum 'yan uwa malamai da iyaye. Ina da shawara da nake so mu tattauna tun sanyi bai yi nisa ba. Yawancinmu a allo muke gama darasin kimiyya: mu zana ƙwaro, mu ce ƙafarsa shida, jikinsa kashi uku, yara su kwafa a kaye, a tashi. Alhali a bakin ƙofar ajin ga dogon yaro da gara ta yi wa rufi har wuya, ga bagaruwa 'ya'yanta duk huda. Ina so mu ware awa ɗaya a mako, yara su fita su nemo abin da ke cutar da itatuwan lakwal da na unguwa, su kawo, su duba da idonsu, su ƙirga, su rubuta. Ba gini nake nema ba. Tebur ɗaya a inuwa, kwalabe wankakku, farar takarda, tsumma da zare, sai gilashin ƙara girma in Allah ya hore. Wa zai shiga, wa kuma ke ganin da gyara?

Hajiya Rabi:
Wa alaikumus salam Madam. Ni uwa ce, ina kwamitin iyaye. Kafin komai, wa zai tsare mana yaran daga kunama? Ɗiyata ko ƙadangare ta gani sai ta bi shi.

Mushe Sani, direkta:
Madam Zainabu, niyyarki mai kyau ce, amma bari in faɗi gaskiyata. Muna da yara a CM1, aji biyar na firamare, da ba su iya haɗa jimla ba. Aji ɗaya ya cika ya batse, malami guda. Awar da za ki ba ƙwari daga ina za ki ciro ta? Daga karatu ko daga lissafi? Ga sufeto na zuwa ya duba inda aka kwana a tsarin karatu, ba zai tambaye ki gara nawa kika kama ba. A ganina mu fara da abin da ya fi damunmu, yaro ya iya karatu tukuna.

Madam Zainabu:
Mushe Direkta, na ji, kuma ba wasa na ɗauki maganar ba. Bari in gaya maka abin da ya faru da na gwada, sai ka auna da kanka.

Na ce kowane yaro ya zo da 'ya'yan bagaruwa cikin tafin hannu, waɗanda suka faɗo ƙasa. Muka fasa kwanson a kan farar takarda, na raba su rukuni-rukuni, na ce su ware ƙwayar gida biyu: mai huda da marar huda. Hudar 'yar ƙarama ce, zagayayya sumul, ba tsagewa ba ce. Suka ƙirga kowane tuli, suka rubuta a allo, muka tara na rukunoni duka, muka fitar da kaso. Wannan ai lissafi ne. Sai muka zuba su a kwanon ruwa, masu hudar da yawa suka taso sama. Wani yaro da ba ya buɗe baki a aji ya ce, Madam, ai babu komai cikinsu shi ya sa. Na ce fasa mu gani. Ya sa dutse ya fasa, ciki wayam sai ɗan gari. Daga nan muka ɗauki waɗanda ba su da huda, muka zuba a kwalba, muka ɗaure bakin da tsumma, muka ajiye bisa taga. Na ce kowa ya rubuta abin da yake tsammani zai faru. Da aka kwana biyu sai ga 'yan ƙwari masu ruwan ƙasa suna yawo a cikin kwalbar da babu wanda ya buɗe, ƙwayoyin kuma sun yi huda. Ranar nan ba ni na ce su rubuta ba, su suka roƙi in ba su kalmomin da za su faɗi abin da suka gani.

To ka ga awar ba ta fita daga karatu da lissafi ba, cikinsu take.

Nasiru, ɗalibin aikin gona a Yamai:
Madam, kin yi gwajin da mu sai a jami'a muka yi shi. Ƙwaron nan dangin wanda ke cin wake ne a rumbu. Uwar tana saka ƙwai a jikin kwanson, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta kutsa cikin ƙwayar tun tana 'yar mitsitsiya, shi ya sa ba a ganin inda ta shiga. A ciki take ci, a ciki take rikiɗa, sai ta zama cikakken ƙwaro sannan ta yanke ƙofa ta fito. Hudar da yara suka gani ƙofar fita ce. Haka suke yi wa tsamiya da kandili da gawo. Illar ga daji ita ce iri ya lalace tun bai taɓa ƙasa ba.

Ga abin da zai ba yara mamaki kuma: in akuya ko raƙumi ya ci kwanson da wuri, tsutsar kan mutu a cikin dabbar, ƙwayar kuma ta fito cikin kashi ɓawonta ya yi laushi, ga taki a tare. Sai ta fi saurin tsiro. A sa yara su tsinto ƙwayar bagaruwa a turken awaki, su shuka ta gefe guda, ta ƙarƙashin itace gefe guda, a ga wadda za ta riga fitowa.

Hajiya Rabi:
Ikon Allah. Wato shi ya sa buhun PICS ke tsare wake, ƙwaron ya rasa iska? Amma ba a amsa mini maganar kunama ba.

Nasiru:
Haka ne Hajiya, leda biyu a ciki, buhu a waje, iska ta ƙare masa. Maganar kunama kuwa Baba Idi ya fi ni sani.

Baba Idi, tsohon ma'aikacin gandun daji:
Sannunku da ƙoƙari. Hajiya, tambayarki ita ce ta farko a wurina. Doka uku nake ba duk wanda na shiga daji da shi, babba ko yaro. Ba a sa hannu a kogon itace ko ƙarƙashin ɓawo, da sanda ake ɗagawa, a ɗaga ta gefen da ba kai kake ba. Ba a kama ƙwaro da yatsa, da murfin kwalba da takarda ake tura shi. Ba a zuwa kusa da gidan rina ko zuma. Ku ƙara da hangara, ku nuna wa yara ita tun farko, domin ruwan jikinta na tayar da fata ta yi bororo. Tsutsa mai gashi ma a bar ta.

Akwai na huɗu da ya fi tsaya mini a rai. Gilashin ƙara girma yana tara hasken rana ya kunna wuta, kuma yara za su gano haka ranar farko. Lakwal da yawa ajin zana ne. Ba mu manta gobarar Yamai ta watan Afrilu 2021 da ta Maraɗi ta watan Nuwamba na shekarar ba, 'yan ƙananan yara muka rasa. Gilashi ya zauna hannun malami, a ƙirga shi lokacin bayarwa, a ƙirga lokacin karɓa, a yi aikin a inuwa nesa da zana.

Madam Zainabu:
Allah ya jiƙan yaran nan. Baba, na rubuta dokokin huɗu, za su hau bango.

Mushe Abdu, Buza:
Ni ina goyon baya, kuma ina da dalili na gida. Mu nan kwarin Majiya da dogon yaro muka tashi. Tun 1975 aka fara dasa layukan kare iska tare da ƙungiyar CARE, layi biyu-biyu, tsakanin wannan jeri da wancan mita 100. Iyayenmu ne suka yi aikin, su suka tsare su daga awaki. Yau yaran da nake koyarwa suna ganin itatuwan kamar can ma haka Allah ya ajiye su. Ba su san dasa su aka yi ba, balle su san suna iya mutuwa. Haka Keita, aikin da aka fara 1984 da taimakon Italiya ya dasa miliyoyin itatuwa a kan tuddai. Wa zai lura in ciwo ya shiga? Ma'aikacin gandun daji guda nawa ne a gunduma? Yara kuwa kullum suna ƙarƙashin itacen, su ne masu kiwo, su ne masu ɗebo itacen wuta.

Shawarata mu nemi magani, a koya musu fesawa, su kashe garar nan da ke cinye mana dashe duk shekara. Ranar 3 ga Agusta ake bikin dashe, lakwal na hutu, kafin mu dawo a Oktoba rabi sun bushe, in ka tuge sai ka ga gara a saiwa.

Mamman, Illela:
Mushe Abdu, a nan kam ban bi ka ba. Kada a koya wa 'ya'yanmu cewa gara abokiyar gaba ce kawai. Mu a Illela da gara muka farfaɗo da faƙo. Tun da manomanmu suka je Yatenga ta Burkina Faso a ƙarshen shekarun 1980 suka ga yadda ake yi, aka kama haƙa tassa. Ka haƙa rami a ƙasar da ko gatari ke tsalle a kanta, ka zuba taki da rani. Wa ke zuwa? Gara. Ita ke huda ƙasar ta yi hanyoyi, ta ja takin ƙasa, in ruwa ya sauka sai ya nutse maimakon ya gudu. Hatsi ya fito, kuma cikin takin nan akwai irin itatuwa, sai ka ga gawo da kalgo sun tsiro a ramin. Je ka duba gonakin da a da fili ne fetal. In ka fesa wa gara guba a can ka kashe ma'aikacinka.

Mushe Abdu:
To amma ni dashena take ci, Malam Mamman. Ba labari aka ba ni ba.

Baba Idi:
Ku biyun duka kuna da gaskiya, kuma wannan gardamar taku ita ce ya kamata a kai wa yara. Gara iri-iri ce. Mafi yawa busasshen abu suke ci, kara da kashin shanu da mataccen reshe. Wasu na taɓa ɗanyen itace, musamman baƙin itatuwa irin turare lokacin yana ƙarami. Amma abin da na gani a aikina, sau da yawa ƙishirwa ce ke fara kama dashen, ko an dasa shi da ledarsa, ko saiwar ta nannaɗe tun a wurin reno. Ya fara mutuwa, gara ta zo ta ƙarasa, kai kuma ka tuge ka gan ta, ka ce ita ce. Ganinta a wurin bai isa hujja ba.

Zan ba ku misali da dogon yaron naka, Abdu. Abu biyu suka same shi a ƙasashen nan. A shekarun 1980 wani ɗan ƙwaro mai ɓawo, masana na ce masa Aonidiella orientalis, ya addabi dogon yaro a kewayen tafkin Chadi. Yana manne wa ganye da reshe, ba ya motsi, yana tsotse ruwan itacen har ganye ya ƙone ya zube. Wannan ƙwaro ne, an gan shi, an san shi. Sai kuma farkon shekarun 1990 aka ga dogon yaro a nan Nijar yana zubar da ganye, rassa su yi tsirara sai ɗan tuntu a ƙarshe. Hankali ya tashi, masana suka zo daga waje suka duba. Ba a kama wani ƙwaro da laifin ba, an fi danganta abin da ƙarancin ruwa da taurin ƙasa. Da an bi zafin rai an yi ta feshi, da an zubar da kuɗi da guba a banza. Shi ya sa nake so yaro ya fara koyon tambaya: me na gani, a ina, nawa ne, itacen da ke kusa da shi fa, shi ma haka yake?

Madam Zainabu:
Baba, yaya za mu mayar da wannan gwaji da yara za su iya?

Baba Idi:
Mai sauƙi ne ɗiyata. Dashe iri ɗaya, girma ɗaya, a raba gida biyu a wuri ɗaya. Rabi a ba su ruwa a kan kari, rabi a rage musu. Kowane mako yara su duba wanne gara ta fara hawa, su auna tsawo da zare, su ƙirga ganye. Kada ki gaya musu amsa, ke ma ki jira ki gani. In kuma kuna son ganin garar kusa, ku yi dabarar masu kaji: tsohuwar tukunya, a cusa kara da busasshen kashin shanu, a yayyafa ruwa, a kife ta inda gara ke bi da yamma. Da sassafe a ɗaga. Za su ga ma'aikata farare masu taushi, su ga sojoji masu babban kai da baki kamar almakashi. In an gama kallo a ba kaji.

Mushe Sani, direkta:
Wa zai ɗebo ruwan ban dashen? Lakwal ɗinmu ba famfo. Wannan fa shi ne irin abin da ake tsarawa a waya, a ƙasa ya gagara.

Hajiya Rabi:
Mushe, wannan kam bar mana shi. Ruwan da yara ke wanke hannu da allo ina yake zuwa? A tara shi a bokiti. Dashe goma ba gona ba ce. Mu iyaye mata za mu yi magana a taron kwamiti.

Ramatu, daga Amurka:
Gaisuwa ga iyayena da malamaina, ina bin ku daga nesa. Ina jihar Michigan, kuma abin da kuke tattaunawa ya faru a nan da girmansa. A 2002 aka gano wani ƙwaro kore mai ƙyalli kusa da birnin Detroit, asalinsa daga Asiya, ana kyautata zaton cikin katakon ɗaure kaya ya shigo. Itacen da ake kira ash yake kamawa. Babban ƙwaron ba shi ne matsala ba, tsutsarsa ce, tana bin ƙarƙashin ɓawo tana yin hanyoyi a karkace har ta yanke hanyar da ruwa da abinci ke bi a jikin itacen. Ya kashe miliyoyin itatuwa, unguwanni sun rasa inuwa. Lokacin da aka gane shi ya riga ya yi shekaru yana aiki ba wanda ya lura. Yanzu har yara ana nuna musu alamarsa, hudar da yake fita mai siffar harafin D, kuma ko'ina za ka ga sanarwa cewa kada a ɗauki itacen wuta daga wani yanki a kai wani, domin ta haka yake tafiya mai nisa.

Sai na tuna motocin itace da ke shiga garuruwanmu kullum. Ko akwai mai duba abin da ke cikinsu?

Nasiru:
Yaya Ramatu, wancan ƙwaron ba namu ba ne, itacen da yake ci ma babu shi a dajinmu. Amma darasin ya shafe mu. Baƙin ƙwari sun sha shigowa Afirka ta Yamma: farin ƙwaron mangwaro mai kama da auduga a farkon shekarun 1980, ƙudan 'ya'yan itace daga Asiya wajen 2004, tsutsar masara daga nahiyar Amurka a 2016. Maganar itacen wuta kuma gwaji ne mai kyau. Duk wanda ya tara itace a gida ya san garin nan mai laushi da ke zuba ƙarƙashinsa. A sa guntun itace mai huda a cikin bokiti, a rufe da tsumma, a jira. Abin da ya fito yara su zana shi.

Mushe Abdu:
Na karɓi maganar gara, za mu gwada mu gani. Amma akwai waɗanda ba su da wani amfani. Fara fa? Wanda ya ga 2004 a arewacin jihar nan ba zai ce a tsaya kallo ba. Ta sauka a kan itace sai ka ji rassa na ƙara, ta tashi ba ganye, shekarar da ta biyo kowa ya san yunwar da aka sha. Ga kuma farar itace da ke kwana a kan dakwara da aduwa, ta cinye ganye, ƙaro ya ragu.

Baba Idi:
Fara aikin hukuma ne, akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da fara, akwai AGRHYMET a Yamai da ke bin yanayi da motsinta. Yaro ba zai yaƙi fara ba. Abin da zai iya shi ne ya bambance babe na gona da farar da ke taruwa, in ya ga 'ya'yanta marasa fiffike suna tafiya tare a daji wajen kiwo ya gaya wa babba, babba ya kai rahoto. Labarin da ya zo da wuri ya fi jirgin feshi da ya zo a makare.

Maganar guba kuwa, Abdu, ina roƙonka ka janye ta gaba ɗaya. Kada kwalbar piya-piya ko wani maganin kasuwa ya shiga lakwal da sunan darasi. Yaro zai koma gida ya gwada.

Hajiya Rabi:
Wallahi in da guba a ciki ni ce ta farko da zan hana ɗiyata.

Mushe Abdu:
Na janye, Baba.

Nasiru:
Akwai wanda ba guba ba ne irin wancan, kuma yana bakin ƙofa: 'ya'yan dogon yaro. A busar, a daka, wajen rabin kilo a lita 10 na ruwa, ya kwana, a tace da tsumma, a sa ɗan sabulu. Ba ya kashe ƙwaro nan take, yana hana shi cin abinci ne da yin saɓa. A gwada shi a kan tsutsar zogale, wadda masu lambu suka sani sarai, mai haɗe ganye da zare ta kankare shi ya koma fari. Kwalba biyu, tsutsa daidai wa daida, ɗaya ganyen da aka tsoma a ruwan dogon yaro, ɗaya ganyen da aka tsoma a ruwa zalla. Kwalba ta biyun nan ita ce kimiyyar. In babu ita, ko tsutsar ta mutu ba ka san abin da ya kashe ta ba. Malami ya haɗa ruwan, yara su wanke hannu bayan an gama.

Ina so kuma a nuna musu ƙwarin da ke yi mana aiki. Manoman Maraɗi da Tawa da yawa sun san 'yan buhunan da ake ratayewa lokacin da hatsi ke fitar da kai. A ciki akwai wani ɗan ƙaramin zanzaro, Habrobracon hebetor, wanda masu bincike na INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, suka yi aiki a kansa. Yana harbin tsutsar zangarniya ya saka ƙwai a jikinta, 'ya'yansa su cinye ta. Madam, ki duba kwalbar bagaruwarki da kyau, wani lokaci za ki ga 'yan ƙwari sirara masu fiffike sun fito tare da masu cin ƙwayar. Irin wannan aikin suke yi.

Madam Zainabu:
Akwai su! Yara sun ce sauro ne ya shiga, muka yi ta neman inda tsumman ya yage. Gobe da wannan za mu fara.

Mamman, Illela:
Kada a manta kauci. Ba ƙwaro ba ne amma yana kashe reshe. Yaro ya fasa ɗan kauci ya ji yadda yake danƙo a yatsa, sai ya gane yadda tsuntsu ke cin 'ya'yan ya bar irin manne a wani reshe. A samo reshen da aka sare, a tsaga inda kaucin ya kama, a ga kumburin da yadda ya kutsa cikin itacen yana shan ruwansa. Kuma a kai su gona su ga sassaben zamani. Ana maganar hekta miliyan 5 da manoman ƙasar nan suka mayar da itatuwa a kai, galibi Maraɗi da Damagaram, ba da dashe ba, da barin kututture ya toho a gyara shi. Wanda ya toho da kansa saiwarsa ta yi nisa, gara ba ta cika kayar da shi ba.

Mushe Sani, direkta:
Na karanta duka. Har yanzu ina da damuwa biyu. Ta farko, yawancin ƙwarin nan da damina suke, mu kuwa daga Oktoba zuwa Yuni muke aiki. Ta biyu, malamin da bai san sunan ƙwaro ba, yaro ya kawo masa ya tambaye shi gaban aji, me zai ce? Ba kowa ke da Baba Idi a kusa ba.

Baba Idi:
Ta farko ba matsala ba ce. Oktoba da Nuwamba akwai sauran fara da tsutsa. Sanyi lokacin 'ya'yan bagaruwa da gawo ne, ga lambuna sun tashi. Bazara lokacin gara da itacen wuta. Kauci kuwa duk shekara yana nan. Ta biyu, malami ya ce mu bincika tare. A zana, a rubuta itacen da aka same shi, da wata, da abin da yake ci. A tambayi tsofaffin gari da makiyaya, sun san sunaye da halayen da ba su cikin littafi. A ɗauki hoto a turo nan.

Nasiru:
Ɗigon ruwa ɗaya a kan idon kyamarar waya yana ƙara girman abu sosai, in an yi a hankali. Ku ɗora ƙwaron a farar takarda kusa da tsinken ashana don a san girmansa. Wanda na sani zan faɗa, wanda ya fi ƙarfina in kai wa malamanmu.

Ramatu:
Ni zan ɗauki nauyin gilasai, in akwai mai zuwa gida cikin watan nan zan ba shi ya taho da su. Madam Zainabu ta raba.

Madam Zainabu:
Allah ya saka da alheri, Ramatu. Za su zauna a akwati mai makulli kamar yadda Baba ya ce. Mushe Direkta, abin da nake roƙo wata uku ne na gwaji, aji ɗaya a kowace lakwal da ta yarda. Kowane yaro da shafinsa a kaye: ranar, itacen, abin da ya gani, adadi, zane, da jimla biyu da ya rubuta da kansa. In wa'adin ya cika mu ɗora kayen a tebur, ka duba rubutun da lissafin da idonka, ka kwatanta da ajin da bai shiga ba.

Mushe Sani, direkta:
Wannan na yarda da shi, tunda akwai abin kwatantawa. 'Yan CM2, aji shida, ba za su shiga ba, jarrabawa na gabansu. Na ba da CE2, aji huɗu, ranar Laraba, awar ƙarshe. Zan sanar da sufeto da kaina kafin a fara, kuma ina son takardar yardar iyaye.

Hajiya Rabi:
Takardar tana wuyana. Kwalabe ma za mu tara, na roba, kada a kawo na gilashi su fashe a hannun yara.

Mushe Abdu:
Buza mun shiga da CM1. Gwajin ruwa da gara za mu fara, ina da dashen dogon yaro a leda. Malam Mamman, in sakamako ya fito zan turo hoto, ko ya goyi bayana ko ya goyi bayanka.

Mamman, Illela:
Ina jira. Ka haɗa da bagaruwa ko aduwa a gwajin, kada ya zama baƙon itace kaɗai.

Baba Idi:
Malaman cikin gari, mu haɗu ranar Asabar bayan la'asar a lakwal ɗin Madam Zainabu in nuna muku yadda ake ɗaga ɓawo da kife tukunya kafin ku tsaya gaban yara. Kowa ya zo da sanda da takalmi rufaffe. Na ƙauye kuma, za a ɗauki bidiyo a tura wa Nasiru ya gyara ya sa a nan.